Harbi Biyar a Doha

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin ranar da na yi gwajin harbi a Doha za ta fita daga raina. Harsashi biyar kacal aka ba ni, kuma a kansu zamana a Qatar ya rataya.

A lokacin gadi nake yi a ƙofar wani kulob na masu wasan harbi da ƙaramar bindiga, irin wanda ake saitin takarda mai baƙin da'ira a tsakiya. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Abu Hamour. Da korona ta shigo, ni ta fara kayarwa. Na warke, amma ta bar ni da rawar hannu, har kofin shayi sai na tallafa da hannu biyu. Bayan an buɗe gari, kamfaninmu ya ce zai rage masu gadi, kuma sunana na ciki. Mafita ɗaya ta rage: kulob ɗin na neman mai taimaka wa masu harbi a fili, amma sai mutum ya ci gwaji.

Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke goge bindigogin kulob ɗin, ya daɗe ƙwarai a wurin. Baba muke ce masa. Wata rana bayan azahar ya same ni zaune jugum, na faɗa masa halin da nake ciki, na miƙa masa hannuna yana karkarwa.

"Baba, da wannan hannun zan yi harbi?"

Ya dube shi, ya yi dariya. "Ɗana, duk zakarun da kake buɗe wa ƙofa hannunsu na rawa. Ba hannu ke ɓata harbi ba, yatsa ne. Yalla, tashi."

Shi ya je ya roƙi manaja aka ba mu rabin awa kullum lokacin hutun rana. Sati biyu ban harba komai ba. Bindiga marar harsashi yake ba ni, ya ɗora kwankon harsashi a kan bakinta, ya ce in ja kunama kada kwankon ya faɗi. Sau nawa ya faɗi, Allah kaɗai ya sani. Ashe fizga nake yi, ina jiran saiti ya tsaya cak in yi wuf in ja kafin ya gudu.

"Ba zai tsaya ba," in ji Baba. "Bar shi ya yi yawonsa. Kai dai ka matsa a hankali, kai tsaye baya, har harbin ya zo maka ba zato."

Abu na biyu ya fi ba ni wuya. In harsashi ya fita, kada yatsa ya yi tsalle ya bar kunama. A riƙe ta a baya, a sassauta kaɗan-kaɗan har a ji wani ɗan ƙas. Nan ta koma mazauninta, daga nan ake sake matsawa. Na sha jin haushinsa a kan wannan ƙas ɗin, Allah ya yafe mini.

Gwajin ya faɗo ana saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya, gari ya cika da tutoci da baƙi. Mai gwajin Balarabe ne marar yawan magana. Ya ce harbi huɗu cikin biyar su shiga baƙi. Baba kuwa an hana shi shiga, yana tsaye bayan gilashi.

Na ɗaga bindiga, na ga baƙin ya zo daidai, na fizga. Harsashin ya faɗa can ƙasa ta hagu, a farin takarda. Na tuna matata da 'ya'yana biyu a Funtuwa. Sai na lura yatsana na nan riƙe da kunama a baya, bai yi tsalle ba. Horon Baba ya zauna a jikina ban sani ba. Na ja numfashi, na sassauta a hankali har na ji ƙas. Na matsa. Haka na yi sau huɗu, ban ko leƙa inda suke faɗawa ba.

Da aka jawo takardar, huɗun na cikin baƙi, ɗaya ma da ƙyar ya taɓa gefe. Balaraben ya sa hannu a takardar gwaji ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, na ci. Ya ƙara da cewa ya ga mutane da yawa da harbin farko ke rusa musu sauran.

Na fito na durƙusa gaban Baba. Ya kama kafaɗata ya ce, "Tashi, kada ka ba ni kunya gaban Larabawa." Amma na ga yana goge ido da hularsa.

Bayan gasar ya koma gida Ghana, kuma har yau ina gaishe shi ta waya duk Juma'a. Abin da na koya a hannunsa ya wuce harbi. In na yi kuskure yanzu, ba na sakin komai in gudu, ba na kuma rawar jikin gyarawa nan take. Nakan natsu tukuna, sannan in sake gwadawa. Allah ya saka wa Baba da alheri.