Gurbi na Huɗu

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, aka ɗauke ni aikin wucin gadi na rajistar masu zaɓe. Karatuna bai wuce firamare ba, amma rubutuna a tsaye yake, kuma an san ba na wasa. Aka ba ni tebur, benci, tawada da littafi, aka zaunar da ni a inuwar wata makaranta kusa da Ƙofar Na'isa.

Dokokina uku ne. Ta farko, layi. Ta biyu, ba a yi mini magana sai na ɗago kai. Ta uku, bi da bi ake cike takarda: suna, shekaru, sana'a, adireshi.

Rana ta uku da hantsi, layi ya kawo wani dattijo gabana, rataye da buhu, bakin buta yana leƙowa ta sama. Ya faɗi suna, na rubuta. Shekaru, ya ce in dube shi in ƙiyasta. Na ba shi sittin, ya ce Allah ya saka, ya zaci za su fi haka. Sana'a, ya ce dukanci, kafin ido ya gaji.

Na ce, "Adireshi."

"Jikin ganuwa, Malam."

"Ganuwa ta zagaye gari. Wane gida?"

"Ba gida. In rana tana gabas ina yamma, in ta dawo yamma in koma gabas."

Ashe ɗakin da yake haya a Kabara ruwa ya rushe shi tun damina biyu baya, mai gidan kuma bai tayar ba. Shi ba zaɓen ne ya dame shi ba. 'Yan sintiri ne suka matsa masa da kai wane ne, daga ina, har sun ce ko ya nuna takarda ko ya bar unguwar. Sai aka gaya masa ana raba kati kyauta.

Na ajiye biro. Na ce gurbi na huɗu ba a barinsa fayau, ganuwa kuma ba ta da lamba.

Nan take aka karya mini doka ta biyu. Wata Hajiya da ke bayansa ta ce, "Haba Malam, rubuta masa gidana mana."

"Hajiya, kin san shi?"

"Yau na fara ganinsa."

"A gidanki yake kwana?"

"A'uzubillahi! Maigidana da ransa fa."

Layi ya kwashe da dariya. Wani direban tasi ya ɗaga murya daga can baya, ya ce in sa lambar motarsa, ita ma kullum tana wuri guda, ba ta tashi. Sai wani tela, da tef a wuyansa, ya matso ya ce yana da soro a ƙofar gidansa, ba kowa ciki sai mataccen keken ɗinki da kaji biyu. Ya ce in rubuta wa dattijon soron.

Na ce, "Ya kwana a can?"

"Zai kwana."

"Takarda ta ce inda mutum yake zaune. Ba ta ce inda zai zauna ba. Ya je ya kwana, gobe ya dawo."

Aka yi ca a kaina. Direban ya ce soja za su tafi amma sun bar mana ƙaninsu. Hajiya ta ce ko limamin Juma'a bai kai ni tsoron ƙarya ba. Ni dai telan nake kallo, na ga fuskarsa ta ɗan canza. Ina kyautata zaton soron takarda ya yi niyyar bayarwa, ba na ƙasa ba. Amma magana ta riga ta fita a gaban jama'a. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, taso mu je, kafin Malam ya ce sai kajin sun zo shaida."

Ranar na ƙarasa aiki da gurbi ɗaya a buɗe cikin littafina, abin yana yi mini ƙaiƙayi har na tashi.

Washegari suka dawo tare. Dattijon ya ƙaru da tabarma a hammata, ya ce wani maƙwabcin telan ne ya miƙo masa ta kan katanga, ko fuskarsa bai gani ba. Hajiyar jiya ma ta bi sawu ta aika da tuwo. Dattijon ya nufo teburina kai tsaye. Na ce, "Layi." Ya juya ya tafi can ƙarshe, cikin rana.

Sai mutumin da ke gabansa ya fita, ya koma bayansa. Na gaba ma ya yi haka. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zamewa, wani har yana cewa, "Bismillah, Baba, ni ba sauri nake ba." Na bi dokokina uku a zuci, ban ga wadda ta hana mutum komawa baya ba. Kafin in cike takarda biyu, ga shi a gabana.

Na ce, "Ka kwana?"

"Na kwana, Malam. Kajin ne dai ba su runtsa ba."

Telan ya ce, "Ni ne shaida. Munsharinsa har cikin gida. Mai ɗakina ta zaci injin niƙa aka kafa mana."

Na tambayi lambar gida da unguwa, na rubuta a gurbi na huɗu. Ya dangwala yatsa, na miƙa masa kati. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya ce in karanta masa, ido ba ya gani. Na karanta sunansa da adireshin. Ya ce in sake, na sake.

Sannan ya juya wajen telan. "To, maigida, ka ji da kunnenka. Gwamnati ta sani. In ka kore ni, sai ka zo ka roƙi Malam ya goge."

Telan ya dube ni, ya dubi biron da ke hannuna. Ya ce, "Da in sake tsayawa gaban wannan bawan Allah, gara ka zauna har a yi wani zaɓen. Kawo buhun in riƙe maka."