Hannun Baba a Buhun Gero

Ku matso ku ji wani abin kunya da na taɓa yi, yau dai sai na faɗa.

Shekarun baya injin niƙa ya cinye wa mahaifina yatsu huɗu na hannun dama, a nan Bungudu. Shi kuwa ko da yunwa za ta kashe shi ba ya cin abinci da hagu. Ni ban yi nisa a boko ba, gidan aurena kuma katanga ce kawai tsakaninmu, sai na zama hannunsa. Kullum ni ke yanko loma in sa masa a baki muna hira. Duk tarihin gidanmu a bakin akushin nan na ji shi.

Ran nan ƙanwata da ke aiki a wani asibiti a Gusau ta zo, ta yi ta zagaya dungulmin hannun Baba da wayarta tana ɗaukar awonsa. Wai akwai injin da ke narka roba yana ɗora ta siriri-siriri, hawa kan hawa, har ta zama abin da aka zana masa. Na ce, "Ashe inji ma ya koyi ginin tukunya." Bayan 'yan makonni ta dawo da yatsu ruwan toka masu zare a ciki. In ya lanƙwasa wuyan hannu sai su damƙe cokali.

Baba ya ci tuwo da kansa. Duk wanda ya zo gaisuwa daga Tsafe sai ya ɗaga masa hannun ya ce, "Ɗiyata ta yi mini." Ni kuwa ina gefe da ruwan sha kamar baƙuwa. Shekara shida ina ba shi abinci, bai taɓa nuna ni ga kowa ba.

Wata safiya ya cire hannun zai yi alwala, na ɗauke na cusa cikin buhun gero. Aka yi ta nema, har da ni a ɗaga tabarmi. Da rana na zauna na miƙa masa loma. Ya kawar da kai ya ce, "Bari dai, uwata, na ƙoshi." Washegari ma haka.

Na kira ƙanwata ina muryar tausayi. Ta ce, "Kada ki damu, Yaya, awon yana cikin kwamfuta, sai a sake fitar da wani." To, me kuma na ɓoye?

Na ciro shi na ce a bayan ƙofa na gani. Baba ya saka, ya lanƙwasa hannu, sai ga ƙwayoyin gero suna zubowa kan tabarma. Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Geron bana ya yi kyau."

Sai daga baya na gane lomar da nake jin daɗin bayarwa, shi haƙuri yake yi yana karɓa. Amma ba zan yi ƙarya ba, har yau in ya ɗaga hannun nan gaban baƙi sai na ji wani abu ya soke ni. Ku fa, kun taɓa jin haushin ranar da wani naku ya daina buƙatarku?