Gwangwanin Jan Fenti

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin maganata a kan jirginsa ba. Jirgin katako ne, yana ɗaukar mutane da buhunan shinkafa daga Wara zuwa ƙetaren tafki. Wata shekara ya dawo daga kasuwar Yelwa da gwangwani biyu na jan fenti, wai ragowar na manyan jiragen teku ne, gansakuka da katantanwa ba sa kama katakon da aka shafa wa. Na ce warin nan bai yi mini ba. Ya ce ai ba miya ba ce. Da tsumma ya shafa, hannu tsirara.

Ruwa ya ƙi fitar da fentin daga hannunsa, sabulu ma haka. Sai na ɗebo man gyaɗa na murza masa har gwiwar hannu, yadda muke cire kwalta, fentin ya narke tas. Kwana uku muna haka. A na huɗu hannun ya yi bororo kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Wata guda ni ke ba shi tuwo a baki, yana mitar ya yi sanyi.

Bayan na fita takaba, autata, wadda ke koyar da kimiyya a sakandare, ta tsinci gwangwani na biyu a ɗakin kayansa. Ta karanta rubutun jikinsa, ta zauna. Ta ce akwai gubar kuza a ciki. Wai jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne da bangon maiƙo. Gubar ba ta son ruwa, maiƙo take bi, ta kutsa cikin bangon har ya fara yoyo kamar tsohon jirgi.

Na ce, "To man da na shafa masa fa?"

Ta ce, "Inna, ba ki sani ba ne."

Na tambaye ta ko man nan ne ya kashe shi. Ta ce ciwonsa ya zo daga baya, ba wanda zai iya cewa. Duk karatun nan, amsar ke nan. Har yau idan na taɓa kwalbar man gyaɗa sai hawaye.

Yanzu babban ɗana, wanda ya gaji jirgin har da taurin kan, ya ce a ba shi gwangwanin, fenti ya yi tsada, shi zai sa safar hannu. Na ce gara in jefa shi a tafki. Auta ta ce a'a, kitsen tarwaɗa zai kwashe gubar ta dawo mana a tukunya. Ƙonawa a'a, binnewa a'a, rijiya na kusa.

Sai na mirgina gwangwanin ƙarƙashin gadona. Jiya yaron ya sake zuwa, na ce ya fara ɗaga ni tukuna. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya kamar ubansa, sannan ya tafi neman kuɗin wani fentin.