Bututun Mushe

Ni ce na musanya madubin hangen taurari na Baba, da hannuna, ranar kasuwar Cadawa, ban shawarci kowa ba. Na fara da wannan ne don har yau akwai masu cewa sace shi aka yi, Inna kuma ba ta taɓa gyara musu zance ba.

Fari ne, tsawonsa kamar taɓarya, yana tsayawa a kan ƙafafu uku na katako. Wani bature da suka koyar tare a kolej ɗin Agiye ya bar wa Baba shi da zai koma ƙasarsu, tun ban zo duniya ba. A garinmu Mushe ake ce wa Baba, kamar yadda ake ce wa duk malamin lakol, wato makarantar boko, don haka madubin ya zama bututun Mushe.

Duk ashirin da tara ga wata, da an sauko daga la'asar, sai dattawan unguwa su taru a ƙofar gidanmu neman jinjirin wata. Liman, ladan, maƙerin da ke bayanmu, da wasu uku ko huɗu. Radiyo na faɗa, waya na faɗa, amma sai sun zo. A jikin katangarmu ta yamma Baba ya yi zane-zane da ƙusa, kowanne na nuna inda rana ke faɗuwa a wani lokaci na shekara, daga nan yake auna inda zai juya bakin bututun. Abin kuma yana da mugun hali. Kome a kife yake nuna shi, ɗan wurin da yake kamawa a sama kuwa bai fi bakin ludayi ba. Ka ga wata a dama, ka tura dama, sai ya ɓace. Ban da Baba babu wanda ya iya shi. Sai ya kamo watan, sannan su bi layi kamar ƴan aji, yana cewa, “Kar ka taɓa, Liman, ido kaɗai na ce ka sa.” Watan da ba a gani ba, su dawo kashegari. Baba ya fi son irin waɗannan watanni.

Shekarar da na faɗi jarrabawar bak, ta gama sakandare, hawan jini ya kada shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, ni da Inna kaɗai ke gane maganarsa sosai. Yayana yana can Libiya, gona ta dawo kaina. Masu dubiya suka cika mana gida mako biyu, daga nan suka ɗauke ƙafa. Amma ranar duban wata ba ta yi fashi ba ko sau ɗaya. Ni ke fito da Baba in jingina shi da katanga, ni ke kinkimo bututu, ni ke dafa shayi har zagaye uku, ni ke juya abin yana yi mini ishara da hannun hagu, har ya sa ido ya ƙarasa kamowa da kansa. Idan na kuskure sai maƙeri ya ce, “Ɗiyar ga, karatun naki iyakarshi ke nan? Wata guda ya gagare ki?” Su kwashe da dariya, Baba ma ya yi tasa da rabin baki. Ni kuwa takaici ke cina. Ga surfe na jirana, ga ɗiban ruwa, ni ina nan ina yi wa tsofaffi hidimar abin da radiyo zai faɗa bayan isha'i.

Da kaka ta zo, waken gonarmu ya yi kyau. Gonar tana can ƙetaren fadama, ana hango ta dishi-dishi daga tudun bayan gida. Ba a saki gonaki ga makiyaya ba tukuna, amma sau biyu dabbobi suna shiga mana. Ba ni iya wuni a can, don Inna ita kaɗai ba ta iya ɗaga Baba. Wata safiya sai na kinkimi bututun na hau tudu, na ce yau dai ya yi aikin da za a ci. Na sa ido. Ga gona rataye a sama, ga wata saniya tana tafiya ƙafafu sama. Kafin in gane ko a tamu take ko a ta maƙwabta, na ɗan motsa shi, ta ɓace. Na zagi abin, na zagi baturen da ya kawo shi.

A kasuwar Cadawa akwai wani mai tsofaffin kaya, radiyo da agogo da fitilu. Na daɗe ina ganin jumel rataye a rumfarsa, madubin nan mai ido biyu irin na ma'aikatan daji. Ranar kasuwa, Baba na barcin hantsi, na naɗe bututun a zani na bi amalanken maƙwabta.

“Ɗiyar Mushe, wagga bindiga ce ko mi?” in ji mai kayan.

“Ba ka da ido ne? Madubi ne. Taurari ake gani da shi.”

“To ni mi na aje a tauraro?”

“Ka ba ni wancan, ko in wuce.”

Ya leƙa, ya ga mai tsire a kife da wuƙarsa, ya yi salati yana dariya. Amma bai bar ni na wuce ba. Nan da nan ya sauko da jumel ɗin, har da jakarsa ya haɗa mini. Saurin nan nasa ya isa ya tsayar da mai hankali. Ni murna na yi.

Ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ina shiga gida na ce, “Baba, na musanya bututun. Wanga ya fi shi amfani.” Na ɗora masa a cinya. Ya ɗaga da hannun hagu, abin na rawa. Hannu biyu yake so, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya murɗa. Ban yi wannan tunanin ba sai a lokacin. Ya ajiye. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana.

“Uwata,” ya ce. Ya daɗe yana neman sauran maganar. “Ya yi kyau.”

Inna ta tashi ta fita.

Jumel ya yi aikinsa, ba zan yi ƙarya ba. Daga tudu har kunnen akuya ina gani. Wakenmu ya shigo gida lafiya.

Ranar ashirin da tara dattawa suka zo kamar kullum. Suka tambayi bututu, na ce ga abin da ya maye gurbinsa. Bayan an idar da magariba a nan kan tabarma, ladan ya ɗauka ya ɗaga sama, ya ɗan waiga dama da hagu. Ko shayi na biyu ban sauke ba ya ce, “Kai! Ga shi can bisa gawo!” Suka shiga karɓa hannu da hannu, kowa ya sa ido sai ya gani, a tsaye yadda Allah ya yi shi.

“Haba Mushe,” in ji maƙeri, “shekara da shekaru kana wahalshe mu da leƙen kututture, ashe ga sauƙi a kasuwa! Ɗiyar ga ta fi ka kai.”

Daɗi ya kama ni, karon farko da bakin maƙeri ya yabe ni. Na juya in ga ko Baba ya ji. Hannunsa na hagu na a sama, yana nuna zanen katanga. Babu wanda ya tambaye shi ta ina za a duba. Ya sauke hannun a hankali ya sa a ƙarƙashin riga.

Da wani watan ya zagayo, tun azahar Baba ya sa Inna ta fiddo masa farar riga. Na fito da shi, na hura gawayi. Sai ga ladan shi kaɗai. Ya gaishe da Baba daga tsaye, ya ce in ara musu jumel, filin masallaci ya fi sarari, babu itatuwa. Na ba shi. Me zan ce? Muka zauna ni da Baba, shayi na tafasa yana ƙonewa. Daga inda muke muna jin hayaniyarsu lokacin da suka gan shi, har da dariyar maƙeri.

“Shigar da ni,” Baba ya ce.

Kasuwa na ci na koma Cadawa da jumel a jaka. Mai kayan ya ce tun makon da na kawo bututun wani ya wuce da shi Katsina.

“Wa? A ina yake? Ba ni lambarshi.”

“Ɗiyata, musanya muka yi, ba aro ba. Ni na san duk mai shigowa rumfata?”

Na ɗaga masa murya har mutane suka taru, ba ta canza kome ba. Daga can na wuce gidan Liman, na ce masa a fili Baba ba shi da kowa sai su. Ya ce Allah ya ba Mushe lafiya, za su leƙo. Sun leƙo sau ɗaya da hantsi, suka yi addu'a suka tafi.

Wata na uku na hana aron, ina zaton dole su zo inda jumel yake. Ladan ya ce ba kome, ai radiyo zai faɗa. Baba duk da haka ya ce in fito da shi. Da rana ta faɗi na durƙusa, na riƙe masa jumel ɗin a ido da hannuwana biyu. Ya kawar da kai.

“Ke duba,” ya ce.

Na duba, na duba, babu kome.

“Ta wane zane kike nema?”

“Na uku.”

“Na huɗu ne, Uwata.”

Na matsa kaɗan. Ga shi nan siriri, daidai saman na huɗu. Na ce masa na gani. Ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi wa ɗalibin da ya makara da amsa. Na kasa sauke jumel ɗin daga fuskata, don kar ya ga idona.

Bai kai damina ba. Ranar jana'izarsa duk sun zo, maƙeri ya fi kowa kuka.

Jumel na nan rataye a ɗakina. Ladan na zuwa aro, ina ba shi. Bana da muka yi wa katanga sabon yaɓe, Inna ta tsaya a kan mai yaɓen har sai da ya tsallake wajen zanen. Ruwa na ci masa kaɗan-kaɗan. Na biyu da na biyar sun kusa shafewa, ni kuma ban taɓa tambayar Baba wane lokaci kowanne yake nufi ba.