Takalman Baba

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai na safe Baba ya shimfiɗa fatu a ƙofar ɗaki, ni kuma ina bitar kayena, littafin da nake rubuta lissafi. Hutun makarantarmu ta lise ne ya kai ni wurinsa, ƙetaren hamada, inda ya shekara shida yana ɗinka takalma. Baduku ne, ɗan Birnin Damagaram.

Kwana biyu rediyo tana cewa hukuma ta ware kuɗi masu yawa don kwashe baƙi, wai ƴan gari sun koka mun yi yawa. Baba ya ce ba da irinmu ake ba, tunda mai unguwa kansa ɗinkinsa yake sawa.

Bakwai da rabi muka ji jiniya. Kamiyo uku, manyan motoci sababbi fil, ko ledar kujeru ba a cire ba. Maƙwabcinmu mai shago ya tsaya bakin titi yana nuna ƙofofi. Tamu ce ta huɗu.

Wani hafsa mai tabo a haɓa ya nufo mu. Baba ya yi abin da Badamagare yake yi gaban babba: ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa gaisuwa.

"Hau mota!" in ji hafsan.

Gindin bindiga ya sauka a wuyansa. Na juya in ɗauko takalman, aka fizgo ni.

Kwana biyu muna cikin kamiyo. Alhamis ƙarfe goma aka juye mu kan rairayi. Wani ya nuna kudu, ya harba sama.

"Ku tafi!"

Muka ruga. Sha biyu rairayi ya zama garwashi. Na miƙa wa Baba nawa takalman, ya ture. Na yage rigata na naɗe masa ƙafa. Ƙarfe biyu tafinsa ya saluɓe, ya zauna. Na goya shi har la'asar. A bayana ya cika. Mutum biyu na garin Mirriya da aka koro mu tare suka taya ni tonon rami da hannu.

Na haddace lambar kamiyon. Tana rubuce a sabon kayena, da sunan mai shago, da zanen tabon. Kawuna ya ce in yafe. Na sunkuyar da kai, don ba na musu da manya. Amma ban yafe ba. Bayan kowace sallah ina roƙon Allah Ya sa su taka rairayin nan da tsakar rana, ƙafa tsirara.

Da na iso gida Zinder, Inna ta leƙa bayana, sannan ta zauna. Ta tambayi abin da na kawo nasa. Babu. Takalman suna can ƙofar ɗaki, a jere, yadda ya ajiye su.