Cikin Kura Ya Kira Gayya

Cin abinci a gidanmu wahala ne, ba wani kwana-kwana. Mu bakwai kwano ɗaya, a wani ƙauye kusa da Disina. In ka tsaya taunawa, ka kwana da yunwa. Sai dai haɗiya, da zafinsa da komai. Ni kuma cikina ba ya yafiya. Ran da aka yi wake, ko ruku'u ba na iya yi da kyau a sallar isha'i. Ciki ya kumbura ya yi tauri kamar tulu, ga gyatsa mai tsami.

Kakarmu Dada tun daga nesa take gane ni. Da sanyi takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. Sai ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan cikin wata nawa ne? A fara dakan suna?" Yara su yi ta dariya. Ta jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ta ba ni, ta ce kar in kuskura in kwanta. Sannan ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Akwai wadda take yi don ni. Wai mata suka ɗora wake a gona, suka tafi ɗibar ruwa. Kura ta zo. Wake bai nuna ba, amma ta juye tukunyar a ciki, ta shige dawa ta kwanta. Can sai ciki ya soma. Nan Dada za ta cika kumatu da iska ta yi "dum-durum, dum-durum." Mutanen gari suka ce, "A'a, wa ke gayya bai gaya mana ba?" Suka saɓo fartanya suna bin kiɗa, har kan kura. Gudu ya gagara, ta sha ƙota. Raƙumi na gindin tsamiya yana tuƙa, ya ce, "Ni na jiya nake taunawa har yanzu. Kin taɓa jin kiɗa a cikina?"

Na ce, "Dada, ai raƙumi ba shi da 'yan'uwa shida a kwano."

Ta ce, "Ja'iri! To ka ja naka gefe, ka tare da hannu, sannan ka yi irin ta raƙumi."

Ban ji ba. Na girma na zama kwandasta a tashar Azare, kullum a tsaye nake cin abinci, direba na danna oda. Ƙwannafi ya sa ni gaba, ƙirji kamar an zuba garwashi, barci ya gagara. Da ya ishe ni na je asibiti. Wata nas daga kudancin Bauchi ta duba ni, ta ji kanwa nake sha, ta ce, "Malam, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan, ka tauna, ka rage yaji. In ka ci kar ka kwanta nan take. Kanwar ma ba ta kullum ba ce. In bai daina ba ka dawo." Tana magana, ni dum-durum kawai nake ji. Ashe duk shekarun nan da nake wa kura dariya, ni ne.

Washegari da safe motarmu ta Jama'are ta cika. Na sayi ƙosai da koko, na samu benci na zauna. Direba ya leƙo ya ce, "Kai, me kake yi ne?"

Na ce, "Taunawa nake. A jira ni."