Fil Uku a Bakin Baba Tela

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Tela ya yi a kan keken ɗinki, kuma sana'ar ta bar masa hali guda: ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama da rigarsa. Kana gaishe shi yana duban kafaɗarka. Da ciwon baya ya matsa masa sai ya rufe shago, ya koma gidan autarsa, malamar makaranta, da mijinta direban bas da 'yan matansu biyu.

A gidan nan babu abin da yake so kamar Asabar. Sauran kwanaki kowa na kan sabgarsa, shi kaɗai ake bari da agogon bango. Amma surukin ya sayo ƙatuwar talabijin da faya-fayan wani dogon shiri na 'yan leƙen asiri, masu hoto tar, har gashin girar ɗan wasa kana iya ƙirgawa. Kowace Asabar bayan abincin rana ana kallon kashi ɗaya, falo ya cika, tsoho yana kujerarsa ta bakin taga kamar mai gida.

A shirin, wani maci amana ne ya ɓuya a cikin ofishin 'yan leƙen asirin, za a yi kashi goma sha biyu ana nemansa. A kashi na uku Baba Tela ya nuna da haɓa.

"Wancan mai tabarau ne."

"Baba, mataimakin shugaba ne fa," in ji Auta.

"Ko shugaban ne. Dubi shafin kwat ɗinsa ta hagu. An farke an mayar da hannu, zaren ma bai dace ba. Mutumin kirki me zai ɓoye a cikin shafi?"

Aka yi ta dariya, jikokin suka ce tsufa ne. Bayan sati tara aka cafke mai tabarau, aka farke kwat ɗin ta hagu, aka zaro takardu. Wannan karon tsohon ne kaɗai ya yi dariya. Babbar jikar kwana biyu tana kumbure-kumbure, wai ya ɓata musu kallo tun daga tushe.

Da faya-fayan zango na biyu suka iso, Auta ta kafa doka.

"Baba, ka yi haƙuri. Ranar da ka sake buɗe baki kan rigar wani, rediyo za mu kai maka ɗaki."

Surukin ya sunkuyar da kai kamar ba ruwansa, alhali tsohon ya san daga inda dokar ta fito. Ya yi murmushin yaƙe. Ya san bakinsa, kuma ya san idan aka raba shi da Asabar ba shi da sauran rana a mako.

Sai ya koma wa dabarar shago: tela da fil a baki ba ya surutu. Kowace Asabar zai fito da wata tsohuwar rigar matashin kai, wai gyara yake yi, ya jera fil uku a leɓe. Tun a kashi na biyu ya gano sabon maci amanar. Ya yi gurnani, ya muskuta, ya share zufa.

"Baba, lafiya?"

"Mm."

Haka ya yi sati goma yana haɗiyar magana. Rigar matashin nan ta sha ɗinkin da ko rigar ango ba ta sha ba.

Ranar kashin ƙarshe kowa ya matso bakin kujera. Ana gab da buɗe fuskar maci amanar, hoto ya ɗauke, rubutu ya hau. Zango na uku kuwa sai baɗi. Surukin ya yar da rimot a kan kujera. Can sai kawuna huɗu suka juyo a hankali zuwa bakin taga.

"Kaka," in ji ƙaramar jikar, murya kamar ta mai neman alfarma.

Ya nuna bakinsa.

"An ɗage dokar, Baba," in ji Auta.

Bai yi sauri ba. Ya zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya soke su a wuyan rigarsa, ya miƙa hannu aka ba shi rimot. Ya sa aka mayar da faifan farko na zangon, ya tsayar da hoto daidai inda wani hannu ya miƙa ambulan daga bayan labule.

"Ku matso. Kun ga maɓallin hannun rigar nan? Kowa a shirin a jere aka ɗinka nasa. Wannan a gicciye yake. Yanzu ku dubi na likitan ofishin."

Suka durƙusa gaban talabijin, har da surukin, suna gardama kan zare. Baba Tela ya tsaya kallonsu, daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Duk kayan da ya ɗinka wa Auta, daga na makaranta har na aure, bai taɓa ganin ta juya ɗaya ta dubi ɗinkin ba.

Ga ta yanzu ta juya hannun rigar da ke jikinta, aikinsa na ƙarshe kafin ya rufe shago, tana bin kalmasar da yatsa.

"Baba, ina zaren wannan? Ban ga inda ya bi ba."

"Ai ba za ki gani ba," ya ce, yana gyara zama. "Matso kusa in nuna miki."